Ido a Cikin Manhaja

Kamfanina ƙarami ne, mu kaɗan ne, kuma sana'armu ƙera manhajojin waya ga kamfanonin da ba su da nasu masu rubuta kod. Kod ɗaya muke rubutawa, ya yi aiki a Android, ya kuma yi aiki a iPhone. Mun fi aiki da Flutter, manhajar ƙera irin waɗannan manhajoji, wadda Google ta fitar da tsayayyiyar sigarta ta farko a Disambar 2018, ana rubuta ta da harshen Dart. Muna kuma riƙe da wasu tsofaffin ayyuka a React Native, takwararta mai amfani da harshen JavaScript, wadda Facebook ta saki a 2015. Mutane kan ɗauka ranar da manhaja ta hau Google Play da App Store aikinmu ya ƙare. A wurina ranar ce aiki ke sauya kama, domin manhajar ta bar hannunmu ke nan, ta shiga wayoyin da ban taɓa riƙewa ba, a kan netwok ɗin da ban taɓa gwadawa ba.

Kiran wani mai kamfani da muka yi wa manhajar karɓar oda ne ya fara koya mini wannan. Ya ce, "Malam, mutane na ta ƙorafi wai shafin biyan kuɗi yana maƙalewa." Na ɗauki wayar gwaji da ke kan teburina, na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, komai lafiya lau. Na sake bi, haka. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a nan tana tafiya." Ina faɗa na ji nauyin maganar, don na san ba amsa na ba shi ba. Wayata sabuwa ce, intanet ɗin ofis mai ƙarfi ne, kuma na san inda zan danna tun kafin shafi ya gama buɗewa. Wanda manhajar ta ɓata wa rai kuwa galibi ba ya rubuto wa kowa komai, rufewa yake yi ya tafi. A makon nan na yanke cewa ba za mu sake sakin manhaja ba sai da ido a cikinta.

Idon nan shi ne abin da 'yan sana'ar ke kira RUM a taƙaice, wato sa ido kan ainihin masu amfani. Wani ɗan ƙunshin kod ne ake dasawa cikin manhaja. Yana rubuta lokacin da aka buɗe ta, daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta nuna wani abu, shafukan da aka bi, kowace buƙata da aka aika wa saba (babbar kwamfutar da manhajar ke karɓar bayanai daga wurinta) da tsawon jiran amsarta, da duk kuskuren da ya auku. Ba ya aikawa nan take, tarawa yake yi a cikin wayar, ya tura dunƙule-dunƙule don kada ya cinye batir da data. Datadog da Sentry da New Relic da Firebase duk suna wannan aiki, akwai kuma OpenTelemetry, buɗaɗɗen tsarin da aka samar a 2019 ta hanyar haɗe OpenTracing da OpenCensus, ga wanda ba ya son ɗaure kansa da kamfani guda. Dasa ƙunshin bai wuce 'yan mintoci ba. Saita shi yadda zai faɗi gaskiya, wannan ne ke cin makonni.

Manhajar da aka rubuta da kod ɗaya don wayoyi iri biyu gidan bene ce. A sama akwai Dart ko JavaScript ɗin da muke rubutawa kullum. A ƙasa akwai Kotlin da Swift, harsunan Android da iPhone na asali, inda kamara da taswira da sanarwa ke aiki na haƙiƙa. Saitinmu na farko sama kaɗai yake gani. Mun haɗa FlutterError.onError, ƙofar da Flutter ke kai rahoton kurakuranta, mun zauna muna kallon allon rahoto fes, babu ko ɗigo, alhali alƙaluman da Google Play ke nuna mana suna cewa manhajar tana mutuwa a hannun mutane. Abu biyu muka bari a baya. Kurakuran da ke tasowa daga aikin da ake jira a bayan fage ba sa bi ta wannan ƙofa, sai an tare su a wata ƙofa daban mai suna PlatformDispatcher. Sannan idan abin ya fashe a ƙasa, misali a kod ɗin kamara, tsarin wayar ne ke kashe manhajar gaba ɗaya kafin Dart ya san abin da ake ciki. Dole a kunna mai kama irin wannan faɗuwa na ƙasa shi ma, wanda ke rubuta rahoto a ma'ajin waya ya aiko idan an sake buɗe manhajar. Wannan batu na tsaya mini a rai har yau: mutumin da ya fi kowa jin haushi, wanda bai sake buɗewa ba, shi ne rahotonsa ba ya iso mana ta wannan hanya.

Haka abin yake a wajen buƙatun netwok, sai dai a juye. Flutter ba ta bi ta OkHttp na Android ko URLSession na iPhone, hanyoyin da manhajojin waɗannan wayoyi suka saba aika buƙatu ta cikinsu, tana buɗe tata hanyar ne kai tsaye. Don haka duk tarkon da aka ɗana a ƙasa ba ya kama komai, sai an naɗe mai aika buƙatun a cikin Dart ɗin kansa. Muna kuma liƙa wa kowace buƙata wata shaida mai suna traceparent, bisa ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, don mu iya bin danni ɗaya tun daga yatsan mutum har cikin sabarmu. Amma ga sabobinmu kaɗai muke liƙa ta. Ba hurumin wani kamfanin talla ko na taswira ba ne ya riƙa karɓar lambobin sawunmu.

Da rahotannin faɗuwa suka fara shigowa, wata matashiya da ke aiki da mu ta juyo da allon kwamfutarta ta ce, "Oga, zo ka gani, wannan ai ba ya karantuwa." Na leƙa. Inda ya kamata a ga sunan fayil da lambar layi, babu komai sai a.b.c da dogayen lambobi masu farawa da 0x. Dalili kuwa shi ne kafin a saki manhaja ana matse kod ɗin a sauya sunayensa, don ya ragu kuma kada a kwafe shi. Mabuɗin da ke mayar da sunayen yana cikin wasu fayiloli da ake samarwa lokacin haɗa manhajar: mapping.txt na R8 (mai matse kod) a Android, dSYM a iPhone, da fayilolin alamomi na Dart idan an ɓoye sunaye a Flutter. Kowace haɗawa da nata mabuɗin, na jiya ba ya buɗe ta yau. Namu na wannan sigar an riga an goge shi daga kwamfutar da aka yi haɗin. Ta yi shiru, na yi shiru, muna kallon rahotanni jibge da ba za mu taɓa karantawa ba. Tun daga ranar, ɗora waɗannan fayiloli ya zama mataki a cikin injin da ke haɗa mana manhaja, kuma idan ɗorawar ta gaza, haɗin ma ya tsaya cak. Lambar sigar da ke jikin fayil dole ta yi daidai da wadda ke jikin manhaja, harafi da harafi.

Sai batun suna, wanda na ɗauka ƙarami ne. Flutter tana zana dukkan shafukanta a kan farfajiya ɗaya, shi ya sa a idon Android manhajar gaba ɗaya shafi guda ce. In ba ka sa mai lura da sauyin shafuka ba, ka kuma raɗa wa kowane shafi suna, rahoto zai ce maka manhaja na da nauyi, bai ce a ina ba. In kuma ka bari lambar oda ta shiga cikin sunan, shafi ɗaya zai watse ya zama dubbai, ka rasa yadda za ka tara su. Yanzu ni da kaina nake zama da mai kamfani mu rubuta sunayen a takarda kafin a taɓa kod, da kalmomin da shi ke amfani da su a kasuwancinsa, don ranar da zan nuna masa rahoto ya gane ba tare da tafinta ba.

Da aka gama duk wannan ne matsalar shafin biyan kuɗi ta fito fili. A allon da ke sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, kowane zane yana da kusan milisakan 16 ne kawai. Wanda ya wuce milisakan 700 ana kiransa daskararre, kuma idan manhaja ta kai daƙiƙa 5 ba ta amsa danni ba, Android kan fito da saƙon cewa ba ta amsawa. Matsakaicin lokacin shafin namu ba laifi, shi ne ma abin da ya daɗe yana ruɗar mu. Da muka bar matsakaici muka dubi kashi 5 cikin 100 da suka fi shan jira, muka kuma ware su bisa irin waya, sai ga shi duk tsofaffin wayoyi ne masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma na mutanen da suka daɗe suna sayayya. Shafin yana sauko da tarihin odarsu kaf, yana warware shi a kan layin aikin da ke zana allo, har zanen ya tsaya jira. Wato amintattun kwastomominsa ne suka fi kowa wahala. Muka mayar da warwarewar wani layi na bayan fage, muka rage abin da ake saukowa da shi, ƙorafi ya lafa. Abin ba na jin daɗi kawai ba ne: Google Play ta sa iyaka, kashi 1.09 cikin 100 na masu amfani a rana ga faɗuwa da kashi 0.47 cikin 100 ga rashin amsawa, manhajar da ta haura su ana iya rage nuna ta ga masu nema.

Kuɗin hidimar sa idon yawanci yana bin yawan zaman da aka rubuta ne, wato daga buɗe manhaja zuwa barinta, don haka ba kowane zama muke ɗauka ba. Faɗuwa dai duka muke karɓa, sauran kuwa kaso muke diba, mu ɗaga shi a makon da muka saki sabuwar siga, mu sauke idan ƙura ta lafa.

Inda na fi taurin kai shi ne sirrin mutane. Wannan ido yana iya ganin fiye da abin da ya halatta. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018, Google Play na neman a cike sashen da ke bayyana irin bayanan da ake tarawa, Apple kuma tun Mayun 2024 ta tsananta neman fayil ɗin bayanin sirri a cikin manhajoji. Amma ko babu doka, ba na son in riƙe abin da ban nema da izini ba. Ƙunshin yana farawa ne a yanayin jira, ba ya tura komai sai mutum ya amince. Muna share imel da lambar waya da kalmar sirri daga adireshin buƙatu tun a cikin wayar, muna wakiltar mutum da lambar da ba ta nuna ko wane ne. Wani mai kamfani ya taɓa cewa in buɗe masa ya riƙa ganin abin da mutane ke rubutawa a akwatin saƙo. Na ce, "Yallabai, ka yi haƙuri, an ba mu amanar gyara manhaja ne, ba leƙen abin da suke rubutawa ba." Bai ji daɗi ba a lokacin, amma aikin ya ci gaba.

Kafin kowace siga ta fita akwai abin da ba na wakilta kowa. A sigar gwaji muna da ɓoyayyen shafi mai maɓallai uku: ɗaya na jefa kuskure a Dart, ɗaya na kashe manhajar daga ƙasa, ɗaya na daskarar da allo. Ina ɗauko tsohuwar wayar Android mai tsagaggen gilashi daga aljihun tebur, da iPhone mafi tsufa da muke tallafawa, in danna su bi da bi. In kashe netwok, in sake dannawa, in kunna, in buɗe manhajar. Sannan in zauna gaban allon rahoto ina jira, har sai dukkansu sun bayyana, kowane da sunan shafinsa, da lambar sigarsa, da layin kod ɗin da na san ni na karya. Idan ɗaya bai iso ba, sigar tana nan sai gobe.