Shugaban ƙaramin asibiti da ƙwazon ma'aikatansa

Tun 1959 Frederick Herzberg, wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, ya kasa abubuwan da ke shafar ma'aikaci gida biyu. Albashi a kan kari da kayan aiki, rashinsu na jawo gunaguni, amma samunsu kaɗai ba ya sa ƙwazo. Ƙwazo na zuwa ne in an ba mutum amana, an lura da aikinsa, ya ga yana ci gaba.

Shugaban asibitin unguwa a nan Zariya, ko a Tudun Wada yake ko cikin Birni, ba shi da iko a kan albashi. Amma jadawalin aiki a hannunsa yake. In kullum mutum ɗaya ke kwanan dare, ko ranar awon ciki a bar ma'aikaciya guda da mata cike da benci, ita ce gwajin hawan jini, ita ce rajista, to da ta gaji sai a fara ganin giɓi a katunan.

Firjin rigakafi ma haka. Ana so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Celsius, a duba safe da yamma a rubuta. In aka ce "kowa ya duba", ba mai dubawa, ƙarshen mako sai a cike takardar da ka. A ɗora wa mutum ɗaya da sunansa, a sa mai riƙe masa ranar hutunsa, in ya kyauta a faɗa gaban kwamitin raya unguwa.

Masu zuwa duba aiki kuma, don Allah ku zauna ku ga allura biyu ko uku kafin ku buɗe rajista. In akwai gyara, a ja ma'aikaci ofis, kada a yi masa gaban masu jego.