Kabarin Aliyu Ɗan Sidi ne ya kai ni Lakwaja

Duk Bazazzagin da ke zuwa kudu ya sha ratsa Lakwaja, amma iyakarsa bakin titi: ya yi sallah, ya sayi bandar kifi, mota ta tashi. Ni cikin gari na nufa takanas, don in ziyarci kabarin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, na gidan Mallawa, wanda Turawa suka tuɓe suka kai can, har ya rasu a 1924.

Har yau raina na ɓaci in na tuna ɗan acaɓan da ya ɗauke ni. Na ce masa kaburburan sarakuna, ya gyaɗa kai kamar ƙofar gidansu na ambata. Sai ga mu a maƙabartar Turawa! Wai nan baƙi ke zuwa. Muka yi ta kewaya gari, rana na dukan ƙeya, ga zafin Lakwaja mai haɗe da gumi, ba irin namu ba. Ya karɓi kuɗinsa ninki biyu, hantsina ya tafi a banza.

Wani dattijo mai sayar da goro ne ya fishe ni. Da ya ji daga inda na fito sai ya ce, "Yaro, Kabawa za ka ce. Sarkinku na can, da Alu na Kano, da Abubakar na Bida." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ya haɗa ni da jikansa.

Kaburburan a cikin unguwar Kabawa suke, mutane na ta harkokinsu. Na tsuguna na yi addu'a, ƙirjina ya yi nauyi. Mutumin da ya riƙe Zazzau tun daga 1903, malami, mai rubuta waƙa, ga inda ya kwanta, mai abin hawa a garin bai ma san da shi ba.

Na hau Dutsen Patti, na hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu, a garin da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a 1900. Amma a gurguje na yi, la'asar ta riga ta yi sanyi, shiga kwalekwalen da na ci buri kuwa bai yiwu ba.

In za ka je, ka kwana a garin, ka fita da sassafe. Kada ka hau babur sai mai shi ya furta Kabawa da bakinsa, kuma ku yanke kuɗi tun a ƙasa.