Shekara uku ina faci a rufin ɗakin Hajiyarmu

Shekara uku cur ina faci a rufin ɗakin Hajiyarmu, duk damina sai in hau da kwalta da tsumma in lilliƙe inda nake zaton nan ne ke yoyo, a yi kwana biyu lafiya sai kuma a koma jera bokiti da roba a tsakar ɗaki. Wata rana da asuba na shiga gaishe ta na tarar ta naɗe katifa ta jingine, tana zaune kan darduma a ɗan lungun da bai jiƙe ba, carbi a hannunta, ko uffan ba ta ce min ba. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

To bana hadarin farko, irin mai iskar nan da ke tasowa daga gabas, shi ya yaye falle huɗu na kwanon rufin ya watsa su gidan maƙwabta, Allah ya kiyaye ba su faɗa kan kowa ba. Nan na kira wani dattijon kafinta na unguwarmu. Bai ma fara ta kan kwanon ba, silin ya sa aka ɓalle, ya ɗauki sukudireba ya caka a katako sai ta shige kamar cikin burodi, gari na zubo mana a ka. Ya ce "ɗana, ai ba kwanon ne ya gaji ba, gara ta gama da katakon, ƙusa ba ta da abin kamawa." Na ce Baba to yoyon fa? Sai ya haska min da tocila, ashe ruwan can sama yake shiga ya biyo katako ya zo ya ɗiga a wani wuri daban, ni kuma inda yake ɗiga nake ta liƙewa.

Na so a tsinci na kirki cikin tsohon katakon saboda aljihu, ya ƙi sam, kuma gaskiyarsa. Kasuwar Na'ibawa ta Kano muka je muka sayo katako, kwano kuma bandir biyu a kasuwar Ƙofar Ruwa, falle 20 kowanne, ya ce in daure in ɗauki mai kauri don mai arhar nan da hannu ma lanƙwasa shi ake. Kafin a ɗora komai sai da aka shafe katakon kaf da baƙin mai da na karɓo wajen bakanike, aka bar shi ya sha, sannan ya ɗaure shi da gini da langa-langa ta yadda iska ba za ta ɗaga ba. Ƙusa mai hula ya yi aiki da ita, kuma a kan tudun kwanon yake bugawa ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, wanda ya yi na farko duk a kwari ya bubbuga. Indararo ma ashe ganyen darbejiya da leda sun toshe shi.

Kuskurena babba shi ne bari da na yi sai da ruwa ya sauka, kwana biyu ɗakin na rufe da tamfol muna ta kallon sama, Hajiya kuma a ɗakin matata take kwana. Da a bazara ne da ba haka ba.

Cikin Agusta aka kwana ana tafka ruwa, ƙarfe biyun dare na tashi da tocila na leƙa, silin a bushe, Hajiya na barcinta. Saura ɗakin zaure, shi ma na ga gari na zubowa a kusurwa, na riga na gaya wa Baba da damina ta wuce za mu fara.