Godiya Bayan Aikin Zuciyar 'Yata

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, jiya da la'asar muka iso gida daga asibiti, kuma yarinyar nan da ƙafarta ta shiga ɗakin mahaifiyarta. Shekararta 16. Ciwon maƙogwaro da muka raina tun tana ƙarama shi ne ya lalata mata ƙofa ɗaya a cikin zuciya, har sai da aka buɗe ƙirji aka sauya ta.

Ni dai tsorona jini ne. Daren da za a shiga da ita, likitan ya zaunar da ni ya ce, "Baba, bari in yi maka bayani." Za a tsayar da zuciyar, na'ura ta riƙe aikinta, don haka dole a ba ta hefarin, maganin da ke tsinka jini kada ya daskare a cikin na'urar. In an gama sai a karya ƙarfinsa da furotamin. Akwai kuma na uku, turanekzamik asid, wanda ke hana jiki narkar da gudajin da suka toshe bakin rauni. Ashe shi ne ake yi wa mai jego allurarsa idan jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Likita, ka ɗauke ni mutum, ban taɓa mantawa ba. Allah ya saka maka da Aljanna.

Da aka fito da ita, robobi biyu na fitowa daga ƙirjinta zuwa wata kwalba mai layi-layi a ƙasan gado. Duk awa ma'aikaciyar jinya sai ta durƙusa ta duba inda jinin ya kai, ta rubuta. Awa biyun farko yana ta hawa, ni kuwa carbi ya ƙi zama a hannuna. Aka kira likita, aka ƙara magani ta jijiya, aka ɗaura mata jini leda guda. Kafin asuba ma'aikaciyar jinyar ta leƙo ta ce min, "Baba, ya lafa." Baiwar Allah, Allah ya jiƙan iyayenki.

Samarin garinmu da suka cika mota daga Ringim don ba da jini, ba ni da bakin gode muku. Haka Malam Liman da ya yi ta sanarwa bayan sallar Juma'a, da matan unguwa da suka fasa adashinsu, da ƙanena da ya sayar da bijiminsa ana dab da shiga damina. Maƙwabcina ya nome min geron da na bari, ban ma roƙe shi ba.

Yanzu an ɗora ta a kan wafarin, maganin hana jini daskarewa, za mu riƙa komawa awon jini. Don Allah masu kawo mata jiƙo da sassaƙe, mun gode, amma likita ya hana, domin wasu na iya sa jini ya tsinke. Masu zuwa dubiya ku zo bayan la'asar, da safe tana barci.