Abin da aikin gareji ya koya min kan juyen baƙin mai lokacin sanyi

Yawancin motocin da ke shigowa garejinmu a nan Zariya tokumbo ne, daga Amurka ko Kanada ko Turai, wasu ma har yanzu in ka leƙa gaban injin za ka ga wata 'yar waya mai kan soket tana reto. Ta ɗumama inji ce, a Kanada suke jona ta da wuta kafin su tada mota don sanyinsu yana kai digiri 30 ƙasa da sifili. Mu kam Allah ya hutar da mu, hunturun Disamba da Janairu duk tsananinsa da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 ko da asuba. Amma abin da ke kashe baƙin mai a biranensu shi dai ne ke kashe shi a nan, wato gajeriyar tafiya da inji mai sanyi.

Wata Hajiya ta kawo Corolla, gidanta a Samaru, aikinta ma nan kusa, daga kai yara makaranta sai ofis sai kasuwa. Maigidana na gareji ya buɗe murfin mai ya miƙo min, ƙasan murfin duk wani farin abu kamar kindirmo, ya zaro geji ya ce shinshina, wallahi warin fetur ne zalla. Ta ce ai ko kilomita 3,000 bata yi ba tun juyen bara. Ya ce Hajiya to ai matsalar kenan.

Kowace lita ta fetur in ta ƙone tana fitar da ruwa kusan lita guda, shi ne wanda kake gani yana ɗiga a salansa da safe. Wani tururin yana bi ta gefen ringi ya sauka cikin mai, ga kuma fetur da injin ke ƙara sha in yana da sanyi, shi ma wani ya zurara can. Sai man ya yi zafi sosai, wajen digiri 90 zuwa 100, kuma ya jima a haka, sannan waɗannan su ƙafe su fita. To mutum ya tashi daga Tudun Wada zuwa PZ ya kashe mota, allurar zafi ta ɗan motsa amma ruwa take aunawa, mai yana baya bai ma fara ɗumi ba. Kullum haka, wata da watanni. Direban da ke jigilar Zariya zuwa Kano ya fi shi lafiyar mai nesa ba kusa ba duk da shi ne ke cin kilomita.

Shi yasa littafin mota yake bada lissafi biyu. Toyota a Amurka, masu shan baƙin mai mara kauri mai lamba 0W-20, mil 10,000 ko shekara ɗaya, amma in gajeriyar tafiya ce a sanyi ko hanya mai ƙura ko yawan tsayuwa a sulo sai ya koma mil 5,000 ko wata 6, kusan kilomita 8,000 kenan. Mu ga ƙurar hunturu ga cunkoson Kwangila, ai a layi na biyu muke.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwa kada ya zagaya lagireto sai injin ya yi zafi. Mota na sauka a ce na ƙasar sanyi ne a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, shi kenan da wuya injin ya kai zafin da aka ƙera shi a kai. Sannan a ɗura mai kauri mai lamba 20W-50 a injin da murfinsa ya rubuta 5W-30 ko 5W-20 ƙarara, wai mai kauri ya fi ƙarko. Da asuba wannan kaurin kafin ya hau sama ƙarfe ya gama gugar ƙarfe, ƙarar kakakaka ɗin nan da ake ji kenan, kuma injin VVT-i, irin na Toyota mai sauya lokacin buɗe bawul da kansa, da ƙarfin mai yake aiki ta 'yan ƙananan hanyoyi.

Yanzu duk wanda na yi wa juye ina rubuta kwanan wata a takarda in manna jikin ƙofa tare da kilomita, wanda ya riga cika shi za a bi. Filta sabuwa kowane juye, galan kuma ya saya inda ya yarda da su don jabu ya yi yawa. Masu zirga-zirgar cikin gari nakan ce ko sau ɗaya a sati su miƙa hanyar Kaduna na rabin awa man ya gasu, da safe kuma ba sai an bar mota tana sulo minti goma ba, a ja ta a hankali ta fi saurin ɗumi.