Yadda na lalata harsashi 300 da hannuna

Har yanzu in na tuna abin raina sai ya ɓaci wallahi, domin ba mazubin da nake zuba narkakkiyar dalma a ciki in yi harsashi ne ya cuce ni ba, ba bindigar ba ce, ni ne da karambanina. Bindigar .32-40 ce mai harsashi ɗaya, irin wadda ake harbin allo da ita a yadi 200, kuma na daɗe ina jin yadda tsofaffin gwanaye irin su Harry Pope na Amurka suka yi suna da harsashin dalma mai tsukakken gaba, wanda zobban jikinsa ke ƙara kauri daga kai zuwa gindi. Zobban gaba su shige cikin tsagin bututun bindiga ba gardama su daidaita harsashin a tsakiya, zoben gindi shi ne mai kauri, shi ke toshe hanya kada wutar albarushi ta zagaye ta gefe. Na san wannan sarai kafin in fara, shi ya sa abin ya fi ci min rai.

Zubin ya yi kyau, dalma kashi 25 kuza kashi 1, na auna nauyinsu ɗaya bayan ɗaya na ware masu rama. Sai na zo wajen sa mai. Da yake na saba da harsashi mai kauri ɗaya daga kai zuwa gindi, kawai na ɗauko saizar da nake da ita ta inci .321, wato ƙarfen da ake tura harsashi ta raminsa ya rage masa kauri zuwa awon ramin, na dinga tura su ciki har na gama duka 300 a dare biyu, ina ta murna wai na yi sauri. Ban tsaya na auna bututun bindigata ba, na dai ji ana cewa .32-40 ai .321 ce shi ke nan na hau kai na zauna. Ashe tawa .322 ce, mazubin kuma yana fitar da gindi a .323, wato daidai abin da take so, ni kuma na bi na aske zoben nan guda ɗaya da duk aikin ya dogara a kansa.

Ranar farko harbi biyar na farko ba laifi, daga na goma sai suka fara watsewa kamar an watsa wa kaji tsaba, in na leƙa bututun sai in ga dalma ta yi layi-layi a farkonsa. Na zargi albarushi, na zargi faraima, wato ɗan abin da ke kunna albarushin, na zargi iska, har idona sai da na zarga, kusan wata biyu ina kankare dalma duk dare ina komawa ina maimaita abu ɗaya. Wani dattijo da muke harbi tare ne ya karɓi guda ɗaya ya sa a maikromita, abin auna kauri, ya ce "kai yaro, wa ya ce ka saka wannan a saiza?" Ya sa na tura ƙwallon dalma mai taushi ta cikin bututun muka auna, nan take na ga bambancin kashi ɗaya cikin dubu na inci, abin da ido ba ya gani, shi ya cinye min wata biyu.

Duka na mayar da su tukunya na sake zubawa, kuma don Allah duk mai yin wannan ya tabbata ba digon ruwa ko ɗaya a jikinsu, ruwa cikin narkakkiyar dalma fashewa yake, a yi a wuri mai iska a wanke hannu. Wannan karon a faranti na jera su tsaye na zuba narkakken kakin zuma da kitse har ya rufe ramukan mai, ya daskare na turo su ta gindi, saiza ko kallonta ban yi ba. Sannan na daina cusa harsashin cikin kwanson da ke ɗauke da albarushi, na koma tura shi cikin bututu da abin turawa ya tsaya ɗan gaba kaɗan da bakin kwanso, kamar 1/16 na inci, sai kwanson ya biyo baya. A wajen turawar ma za ka ji da hannunka, gaba ya wuce sumul sai gindin ya ɗan yi tauri, wancan na farko da na aske kuwa zurmawa kawai yake ba wani riƙo, da na gwada wannan tun ranar farko da ban sha wahalar nan ba.

Yanzu ina yin harbi 40 a zama ɗaya, in tura ƙyalle sau biyu ya fito ba ɗigon dalma, harsasan kuma suna taruwa wuri guda yadda nake so. Saizar nan ta .321 na cire ta daga teburin gaba ɗaya na jefa can ƙasan akwati, kuma ko mazubi zan saya yanzu sai na auna bututu da maƙogwaron bindigar, wato farkon bututun inda harsashi ke zama, tukuna na rubuta a takarda na manna a bango.