Zaman koyarwa a Mbale

Tun da na dawo Gombe, abokan aikina ke tambayata yadda na iya da zaman Uganda, inda na koyar a ƙarƙashin shirin Technical Aid Corps, wanda gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987 domin tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik.

Aji bai ba ni wahala ba, domin da Turanci ake karatu a can. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne sanyin Mbale, garin da ke gindin Dutsen Elgon, da kuma matoke, ɗanyar ayaba da ake turarawa cikin ganyenta, wadda bakin da ya saba da tuwon masara ba ya karɓa nan take.

A ganina, masallaci ne ya fi komai sauƙaƙa mini baƙunta. Bayan wata sallar Juma'a, wani malamin lissafi ya riƙe hannuna har gidansa, 'ya'yansa mata suka durƙusa suka gaishe ni kamar yadda namu suke yi. Shi ya haɗa ni da mahauci amintacce, ya koya mini ciniki da 'yan boda-boda, wato 'yan acaɓa. Har yau muna waya, sai dai nakan kira da wuri, domin agogonsu ya riga namu da awa 2.